Neman Wandon Farauta a Jidda

Wata bakwai na yi a Jidda ban san wani abu wai shi sanyi ba, sai gumi. Na sauko daga jirgin ruwan Sudan da niyyar in yi aikin hajji in koma gida. Hajjin na yi shi, komawar ce ta gagara. Wannan kuwa a shekarun da ƙasarmu ba ta daɗe da samun mulkin kai ba ne.

Ni ɗan maharba ne daga ƙasar Ningi. Ubana maharbi ne, kakana ma haka. Ƙafata ta saba da dawa tun ban yi wayo ba, sai ga ni a garin da duk inda ka juya bango ne, in ka wuce bangon kuma teku. Na samu masauki a unguwar Hindawiyya, gidan wata dattijuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa, Hajiya Rakiya. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo da ƙafa daga Katsina, Hausarta rabi Larabci ce. Da rana ina dako a Bagdadiyya, a shagon wani Balarabe mai sayar da tayoyin mota, ana ce masa Abu Nasir. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Da na hango askari, wato ɗan sanda, sai in shige bayan tulin tayoyi in tsuguna har ya wuce. Wanda aka kama ba takarda, tsare shi ake yi har a samu jirgin da zai kwashe shi, ya koma gida da rigar wuyansa kaɗai.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In an tashi daga aiki sai in kama hanya, in bi wannan lungu in ɓulla wancan, in je bakin teku in tsaya, in dawo. Hajiya Rakiya takan ce, "Ya waladi, kai ƙaya ce a gindinka? Zauna ka ci abinci kamar mutane."

Wata rana da hantsi aka kawo wa Abu Nasir barewa daga wajen wani abokinsa, an yanka ta amma ba a feɗe ba. Ma'aikatan shagon suka tsaya kallon-kallo. Wani ya ɗauko wuƙa ya fara yagar fatar kamar mai yaga buhu. Ban san lokacin da na karɓe wuƙar daga hannunsa ba. Na rataye ta a ƙofar sito, kafin shayin Abu Nasir ya huce na zare fatar ɗungurungum, ko huda ɗaya babu.

Ya taso ya juya fatar, ya dube ni. Larabcina a lokacin gurgu ne, amma ina ji.

"Ya Takruni, a ina ka koyi wannan?" Takruni suke kiran mutanenmu a can.

Na ce, "Sana'ar gidanmu ce, Ammi." Haka muke kiransa, wato baffa.

"Ka san sawu?"

Na ce ko a kan dutse.

Ya ce duk shekara in sanyi ya shigo yakan tafi arewa farauta da shaho da karnuka, can wajen duwatsun Tabuka, yana kuma neman mai fiɗa da bin sawu. Jibi bayan sallar Juma'a za a tashi. In na yi abin kirki, shi zai tsaya mini kafili, wato mai lamuni, ya nema mini iƙama. Sannan ya kama wandon jikina da yatsu biyu, wani farin yadi da ya sha wanki har ana ganin rana ta cikinsa.

"Ba da wannan ba. Zan ba ka riga mai gashi da takalmi, amma wando ka nemo da kanka. Mai fiɗar da na tafi da shi bara kwance aka dawo da shi a bayan mota, na kuma gaji da jinya. In ban ga wandon kirki a jikinka ba, ba ka shiga motata. Halas."

A raina na yi dariya. Na ce mutumin da ya kwana a kan bishiya yana dakon gwanki, shi za a tsorata da sanyi a ƙasar da kwai ke dahuwa a rana? Amma iƙama ake magana, don haka da la'asar na nufi haraj, kasuwar gwanjo.

Ban taɓa ganin tsummoki da yawa haka ba. Ina cikin dube-dube sai na ji an ce, "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa?" da Hausa tsantsa irin ta gida. Wani mutum ne fari, mai haƙorin Makka, ya ce sunansa Alhaji Tanko, dillali. Da na ce Ningi sai ya rungume ni, ya ce ai uwarsa 'yar can ce. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na daɗe ban ji an kira sunan garinmu ba, har idona ya ciko. Na kwashe labarina duka na gaya masa, har da zancen takarda.

Ya ce, "Ka faɗo hannu na gari. Tsaya ka gani."

Ya shiga wata rumfa ya fito da wani wando baƙi, mai kauri, yana sheƙi. Ya ce na ma'aikatan jirgin ruwan Turawa ne, da shi suke shiga ƙasashen da teku ke daskarewa. Ya watsa masa ruwa, ruwan ya gangare bai jiƙa ba. Ya naɗe mini a takarda da sauri, ya ce kada in buɗe a nan, masu ido sun yi yawa. Na ba shi abin da na tara, na tafi ina yi masa addu'a.

A gida na sa shi na fito tsakar gida in nuna wa Hajiya Rakiya. Taku uku na yi ta ajiye matankaɗin gyaɗarta.

"Esh hada, mene ne wannan? Wa ke jan kwano?"

Na tsaya. Na sake takawa. Ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram. Tamfol ne zalla. Kajin gidan ma sai da suka watse. Na gwada tsugunawa, hantsar ta ce ɓarr, ta buɗe har baya, don zaren ɗinkin ya riga ya ruɓe.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ni da aka koya wa taka busasshen ganye ba a ji, ni ne na sayi wandon da zomo zai ji tun daga wani gari. Ba wandon na duba ba, bakin mutumin na bi.

Washegari da sassafe na koma haraj. Alhaji Tanko yana zaune yana shan shayi. Na ajiye masa wandon a gaba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa mini da Larabci, wai bai taɓa ganina ba. Na ce jiya-jiya ka ce uwarka 'yar Ningi ce. Na cafki wuyan rigarsa. Bai ko motsa ba, sai ya sauke murya ya koma Hausa.

"Ga askari can bakin titi. In kira maka shi, ko kai za ka kira?"

Na sake shi. Na ɗauki wandona na bar kasuwar. Na yi ta tafiya ban san inda na nufa ba, na zaga Bagdadiyya ban iya shiga shago ba, na dawo Hindawiyya rana ta take. Saura kwana ɗaya.

Hajiya Rakiya ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta zuba mini abinci, ta tsaya a kaina sai da na ci. Sannan ta ce, "Tashi ka tafi Mahjar. Bayan masallacin da ke kusa da masu gawayi akwai wani tela, Baba Usmanu. Ka ce ni na aiko ka. Yana da faɗa, kada ka tanka. Yalla."

Mahjar da nisa, a kudancin gari, na kuwa tafi a ƙasa. Na same shi a wani ɗan shago da bai fi ɗakin kaji girma ba, tsoho baƙi siriri, da tabarau ɗaure da zare. Bahaushen Sudan ne, iyayensa sun zauna a bakin kogin Nilu. Na gaishe shi, na faɗi wadda ta aiko ni, na miƙa masa wandon in ya gyaru. Ya murza shi kusa da kunnensa, ya jefar gefe.

"Wa ya ce maka kauri shi ne ɗumi? Wannan in ka yi tafiya a cikinsa gumi zai jiƙa ka, in ka tsaya gumin ya huce a jikinka ya zama ƙanƙara. Ina za ku?"

Na ce wajen Tabuka. Na ƙara da cewa ni dai ban ga abin tsoro a sanyin ƙasar nan ba, sharaɗin maigida ne kawai.

Ya sauke ƙafarsa ta hagu daga kan keken ɗinki, ya zare takalmi. Yatsu uku ne a ƙafar.

"Na yi yaron mota a hanyar Sham ina saurayi kamarka. Motarmu ta mutu a waɗannan duwatsun da za ka. Ni ma haka na ce."

Ya mayar da takalminsa, ya ja ƙofar shago ya rufe, ya ce in biyo shi. Muka je wani sito inda wani mutumin Yaman ke sayar da tsofaffin kayan soja a dila-dila. Da ganin yadda suka gaisa, sun daɗe tare. Aka kwance mana dila guda, wanduna suka zube, warin ajiya ya tashi.

Na kai hannu kan wani shuɗi mai kyau. Baba Usmanu ya buge mini hannu.

"Biki za ka? Dubi launin ƙasa. Abin da in ka kwanta ba a bambanta ka da tudu."

Na ɗauko wani ruwan ƙasa. Ya zare zare ɗaya daga bakin ƙafar, ya ƙyasta ashana ya ƙona, ya kai mini hanci.

"Me ka ji?"

"Ƙaurin tsumma."

"Auduga ce. In ta jiƙe ta zama maƙiyinka. Ajiye."

Haka muka yi ta yi. Wannan ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, sai ga hudojin asu kamar rariya. Wancan ya ce in sa in tsuguna, ya matse ni a cinya, ya ce wandon da ya kama jiki ba ya riƙe ɗumi, sai da 'yar iska tsakaninka da shi. Wani kuma maɓallan ƙarfe ne a jikinsa har ƙasa, ni da kaina na ajiye shi, na ce zai yi ƙara a kan dutse. Tsohon ya ɗan kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Ashe dai da maharbin a ciki."

Ni duk na ƙosa. Ina ta leƙen rana, ina cewa Baba ko wannan ma ya isa. Ya ce in gaggawa nake in koma wajen ɗan'uwana na haraj.

Can ƙasan dilar ya jawo wani ƙato, ruwan toka mai ɗan ja, wanda aka ɗinka wa wani basamuden soja. Ni da wani ma sai mu shiga ciki. Ya ƙona zarensa, ƙaurin gashi ya tashi kamar ana babbakar kan rago.

"Ulu ke nan. Ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Murza ka ji."

Na murza ƙafa da ƙafa kusa da kunnena. Shiru.

Suka yi magana da mai siton can gefe, ban ji me suka ce ba, na dai ga Baba Usmanu ya nuna wata tsohuwar rumfar yadi da ta yage a ƙofar siton, alamar zai ɗinke masa ita. Muka fito da wandon.

A shago ya auna ni da igiya, ya farke wandon gaba ɗaya. Ya rage tsawo da faɗi amma ya bar hantsa da yalwa. Ya tsuke bakin ƙafa don kada iska ta shiga ko ƙaya ta kama. Ya cire maɓallai ya sa zariya. Farin wandona na gida ya ce in sa shi daga ciki, don ulu yana cizo. Sannan ya ɗauko wandon Alhaji Tanko ya yanko gunduwa uku, ya sa biyu a gwiwoyi, ɗaya a mazaunai, ya rufe su ciki da waje da ragowar ulun, yadda danshi ba zai ratsa ba, ƙara kuma ba za ta fita ba. Ina zaune, in tashi, in leƙa waje, in dawo, keke yana ta kuka. Kafin magariba ya cije zare ya jefo mini.

Na fara kame-kamen yadda zan saka masa. Ya ce, "Tafi ka ba ni wuri, ɗana. Rakiya ce ta aiko ka."

Ranar Juma'a Abu Nasir ya kama wandon da yatsu biyu kamar yadda ya yi wa na farko. Ya ce, "Wane mataccen soja ka tuɓe?" Sauran suka yi dariya. Amma ya nuna mini bayan mota.

Motoci biyu ne masu buɗaɗɗen baya. Ni ina baya tare da karnuka da tanti da buhunan shinkafa. A gaba akwai wani tsohon Balaraben daji, Mubarak, shi ne mai kula da shahon Abu Nasir. Tsuntsun yana zaune a hannunsa da 'yar hular fata a ka da igiyar fata a ƙafa, ana lallashinsa kamar jariri. Mubarak bai taɓa yi mini magana ba. In an zuba gahawa sai kowa ya sha sannan a miƙo mini, wani lokaci ma a manta.

Mun bi bakin teku, muka wuce Rabig, muka wuce Yanbu, ina ta gumi a cikin ulu ina tsine wa kaina. Daga nan muka bar teku muka fara hawa. Kwana na uku iska ta canza. Rana ta huɗu da gari ya waye na je in yi alwala, na tarar ruwan buta ya zama dutse. Na girgiza ta, na juya ta, ko ɗigo. Na tsaya da buta a hannu ina tuna ƙafar Baba Usmanu. Kunnuwana kamar ana yanka su da reza, yatsun hannuna sun ƙi lanƙwasuwa, amma daga ƙugu zuwa idon sawu lafiya lau nake.

Ƙasar ba ta yi kama da dawan da na sani ba. Ba bishiya, ba kukan tsuntsu, sai jajayen duwatsu da fili. Kewar gida ta taso mini a can fiye da a Jidda. Amma sawu sawu ne. Na nuna musu inda zomo ya kwana, inda tuje ya yi kiwo, tsuntsun da su suke kira hubara, wanda dominsa aka yi tafiyar. Na feɗe, na gyara, na hura wuta. Abu Nasir bai yaba ba, bai kushe ba, zancen iƙama kuwa ko sau ɗaya bai sake tayar da shi ba. Kullum ina auna fuskarsa.

Rana ta tara, bayan azahar, hadari ya haɗu. Muka tayar da wani babban tuje, Mubarak ya cire wa shaho hula ya sake shi. Iska mai ƙarfi ta kwashe su duka biyu, suka haye wani dogon dutse suka ɓace. Mubarak ya yi ta kira yana kaɗa fukafukan da yake kiransa da su. Shiru. Mota ba ta hawa wajen. Aka fara yayyafi haɗe da ƙanƙara. Fuskar Abu Nasir ta yi baƙi, ya fara zagin tsohon a gaban kowa. Mubarak ya tattare rigarsa ya fara hawa, amma doguwar rigar ta jiƙe ta nannaɗe masa ƙafa, gwiwarsa kuma ta tsufa. Bai yi nisa ba ya zauna a kan dutse yana haki.

Ban nemi izinin kowa ba. Na karɓi safar hannun fata da hular tsuntsun daga hannunsa na wuce.

Na haye dutsen na gangara wani kwazazzabo. Can na ga gashin tuje guda biyu manne a jikin ƙaya, gaba kaɗan ɗigon jini, sai alamar an ja abu a kan yashi. Na bi. Na hango shi a gindin wani dutse, ya baza fukafukai a kan tujen yana ci. Mubarak ya sha faɗa ina ji, shaho in ya ƙoshi ba ya amsa kira, in kuma baƙo ya tunkare shi a tsaye tashi zai yi, ba kuma za a sake ganinsa ba.

Na kwanta rub da ciki a cikin ruwan. Na fara jan jiki da gwiwa da gwiwar hannu, a kan tsakuwa masu kaifi. In ya sunkuya ya ci, in matsa. In ya ɗago, in daskare. Ƙanƙara tana dukan ƙeyata, haƙorana suna son kaɗawa, na cusa bakin rawanina a baki na cije. Wandon ya jiƙe ya yi nauyi, amma bai yi sanyi ba, bai kuma yi ko ƙis ba. Ban san iyakar lokacin da na ɗauka ba. Tsawon da bai fi taku ashirin ba, na ji kamar na ratsa ƙasa guda. Da na zo dab, ya ɗago ya zuba mini ido. Na runtse nawa, na bar numfashi. Da na ji ƙarar yagar nama, na miƙa hannu na damƙe igiyar ƙafarsa.

Ya yi fiffika, ya kafa mini farata a hannun da ba safa, har yau ga tabon. Ban sake ba. Na lallaɓa na sa masa hular, ya yi tsit.

Da na dawo kan dutsen, shaho a hannu ɗaya, ragowar tuje a ɗayan, Mubarak yana nan inda na bar shi. Ya karɓi tsuntsun yana shafa shi yana yi masa magana, hawaye yana bin gemunsa. Da muka sauka aka hura wuta, shi ya dafa gahawa da kansa. Ya tsallake Abu Nasir, ya tsallake kowa, ya miƙo mini kofin farko. Ya tambaye ni sunana. Na ce Mamman. Daga ranar da sunana yake kirana.

Abu Nasir ya cika alkawari, ko da yake sai da ya ja ni wata biyu da "gobe in sha Allahu". Na yi shekara shida ina bin sa arewa.

Amma ranar da muka dawo Jidda daga wannan tafiya ta farko, ban ko biya ta Hindawiyya ba. Na sauka daga mota na miƙe Mahjar da cinyar barewa a kafaɗa, da wandon ulu a jikina, rana tana dukana, mutane suna kallona kamar mahaukaci. Na tarar da Baba Usmanu a kan kekensa. Na ajiye naman, na fara ba shi labari tun daga buta har zuwa kwazazzabo, ina yi ina nunawa da hannu. Ban ga alamar yana saurare ba. Idonsa yana kan ƙafata. Ya sunkuyo ya kama gwiwar hagu, inda duwatsu suka cinye ulun har baƙin tamfol ya leƙo, ya sa yatsa a ciki, ya yi tsaki.

"Nan kuskurena ne, da na ninka shi biyu." Ya jawo wani zane ya jefo mini. "Shaho nasu ne, gwiwa taka ce. Ɗaura wannan ka tuɓe in gyara."